Gwankin Kogon Gogo Tshuma

Ranar Laraba da hantsi wata tsohuwa ta shigo caji ofis na Madlambuzi, ƙafarta duk ƙura. Gogo Tshuma ce, 'yar ƙabilar Tshwa, mai kula da kogon kakanninsu.

"Ɗana, an sace mana gwanki," ta ce wa Insfekta Nleya.

"Gogo, ai wannan aikin masu gandun daji ne."

"Da kunne kake ji ko da hula? Gwankin dutse nake faɗa maka, wanda kakannina suka zana."

Nleya ya daina murmushi. Ya san wani kamfanin fasa dutse na neman tudun da kogon yake, kuma bisa sabuwar doka, in masani ya sa hannu cewa babu kayan tarihi a wuri, sai a fara aiki ba a tambayi kowa ba. Ranar Juma'a za a ba da izini.

Suka hau tudun tare. A bangon kogon an yanke dutse murabba'i, tsaf kamar an yanka sabulu. Jan caɓi ya bushe a ƙasa, matattun ƙudan zuma birjik a kai.

"Inji mai aiki da ruwa ne ya yi wannan," in ji Nleya. Ya ɗaga kai ya ga saƙar zuma a rufin kogon. "Suna harbi?"

"Ni sun san ni. Baƙo mai ƙara kuwa, Allah ya kiyaye."

Daga nan ya wuce sansanin kamfanin, wajen Khupe shugaban leburori.

"Injin yankanku ya fita makon nan?"

"Ko motsi bai yi ba, yallaɓai."

Nleya ya shafa haƙoran injin, ya nuna masa yatsa. Jan gari ne a kai.

"Dutsenku baƙi ne. Ina ya samo ja?"

Khupe ya sosa ƙeya. "To... Dokta Hlabangana ya ara ranar Litinin. Masanin da kamfani ya ɗauko. Wai zai gyara dakalin gidansa."

Nleya ya tarar da Hlabangana a masaukinsa a Plumtree, da baƙin tabarau da gyale a wuya, ga rana kamar ta dafa ƙwai.

"Dokta, ka shiga kogon?"

"Sau ɗaya, wata biyu da suka wuce. Babu komai sai kashin jemage. Ga rahotona."

"Sanyi kake ji?"

"Haƙori ke damuna."

"Haƙorin har bayan hannu yake kumburawa? Cire tabarau."

Idon hagu ya rufe ruf, wuyan duk ƙurajen harbin ƙudan zuma. Hlabangana ya zauna a bakin gado.

"Na riga na sa hannu cewa babu komai," ya ce a hankali. "Sai na ji tsohuwar za ta kawo mutanen gidan tarihi su gani da idonsu. Da sun gani, aikina ya ƙare. Niyyata in farfasa shi in zuba a kogi."

"Ka farfasa?"

Ya girgiza kai. "Na ɗaga guduma sau uku. A kan zanen nan na rubuta jarrabawata ta ƙarshe, Insfekta. Yana cikin but ɗin mota."

A can aka same shi, an naɗe shi da bargo biyu, ko ƙwarzane babu. Jan gwanki, kansa a ɗage, maharba uku a bayansa. Kafin la'asar hoton dutsen da Nleya ya ɗauka ya isa ofishin lardi, aka dakatar da izinin.

Da aka fito da Hlabangana da ankwa, Gogo Tshuma na zaune a kan bencin caji ofis, dutsen a gabanta, tafinta a kansa. Ta miƙe da ƙyar ta kama hannun Nleya da hannu biyu.

"Uwar da ta haife ka ta huta, ɗana. Na gode."

Sai ta juya ta tare wa mai laifin hanya. Kurtun da ke riƙe da shi ya tsaya.

"Kai ma na gode."

Hlabangana ya ɗago kumburarren ido. "Ni, Gogo? Ni na yanke shi."

"Ka yanke, alƙali zai tambaye ka wannan. Amma guduma na hannunka, babu mai ganinka, ka ajiye. Wannan ni zan faɗa wa alƙali da bakina."

Hlabangana ya fashe da kuka. Kurtu ya ja shi zuwa mota.