Aron Suna

"Sunanki kawai za ki ara mana, 'yata. Suna fa! Ba kuɗi ba."

Hajiya Dela ce ta faɗa tana turo min farantin dabino. Ɗanta Mus'ab, wanda aka sa mana rana bayan Babbar Salla, yana zaune bakin ƙofa ya kafa wa darduma ido.

"Khala, ban gane ba..."

"Abdallah yayan mijinki zai ɗauki motar kaya, a biya wata-wata. Banki ya ƙi shi. Ya ƙi Mus'ab. Ke kuwa an ce sunanki fari tas."

Na dubi Mus'ab.

Shi kaɗai na nuna wa takardun katina na banki.

Tun da na fara aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti a unguwar Sharafiyya ta Jidda na karɓi katin bashi. Cefane nake sa wa katin da kuɗin waya. Albashi na shiga in biya duka, ba ɗan guntun da banki ke cewa ya isa ba. Ban taɓa makara ba. Na yi ne don ranar da za mu nemi abin kanmu, ni da Mus'ab.

"Khala, ki gafarce ni. Ba zan iya ba."

Ta janye farantin.

"Ba za ki iya ba!"

"Umma, ki bari in yi magana da ita," in ji Mus'ab.

"Halas, shi ke nan. Na ji abin da zan ji."

Daga kicin Ruba ta leƙo, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda tun muna yara ba ta iya ɓoye yadda take kallon Mus'ab.

"Khala, ai ni ma ina da albashi," ta ce a hankali. "Abin ɗan'uwa ai na ɗan'uwa ne."

*

Washegari da la'asar ya tare ni a ƙofar asibiti. Zafi ya jiƙa masa riga.

"Habibti, ki saurare ni..."

"Ina katinka, Mus'ab?"

Ya taɓa aljihun rigarsa.

"Wa ya cinye shi?"

"Abdallah. Amma lokacin kasuwa ce ta tsaya, wallahi."

"Ya biya?"

"Yayana ne, Ikilima! Shi ya biya min iƙama, takardar zama ƙasar nan, shekarar da kafilina mai tsaya min ya juya min baya. In ce masa me?"

"Ka ce masa naka ya ƙare, nawa kuma ba na rabo ba ne."

"Takarda ce kawai, ya ruhi. Sa hannu..."

"Haka aka ce wa Babana."

Ya san labarin. Duk unguwarmu ta Hindawiyya ta sani. Babana Na'ibi ya sa wa ƙanensa hannu a takardar bashi, ƙanen ya koma gida Gadarif ya kashe waya. Aka hana Baba fita ƙasar. Mahaifiyarsa ta rasu a can, shi yana nan zaune kan tabarma yana karɓar gaisuwar gawar da bai gani ba. A Jidda muka binne shi, da bashin wani a wuyansa.

"Abdallah ba kawunki ba ne," Mus'ab ya ce.

"Kawu ma ba kawun yanzu ba ne ranar da ya zo roƙo."

"To ni fa? Ba ki yarda da ni ba?"

"Kai na yarda da kai. Sai dai ba ka iya cewa a'a, kuma ba kai za ka riƙe makullin motar ba."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Umma ta rantse ba za a yi auren ba. Wai macen da ta hana suna, gobe za ta hana ruwa."

"Kai me ka ce?"

"Ina sonki, Ikilima... Allah ya sani."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya juya yana kallon titi.

Na cire zoben da ya ba ni na sa masa a aljihun riga. Na shiga bayin ma'aikata na kunna famfo don kada a ji ni, sannan na wanke fuska na koma teburina. Akwai layi.

Mamata ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, "Da ma ubanki ya iya." Sai ta shiga ɗaki.

Bayan Salla aka ɗaura auren Mus'ab da Ruba. Motar Abdallah ce ta kai kayan amarya unguwar Madain Fahd. Sabuwa, fara, da leda a kujerunta.

*

Azumi ya sake zagayowa kafin na gan su.

Ina duba sunaye a kwamfuta na ji an ce, "Awo." Na ɗago.

Ruba ce, cikinta ya tsufa, leɓɓanta sun bushe. Mus'ab yana bayanta, ya rame har agogo na yawo a hannunsa.

Babu wanda ya gaisa da wani.

Ta miƙo kati. Na sa a na'ura. Ta ƙi.

"Sake gwadawa," ta ce.

Na sake. Ta ƙi.

"Na'urarku ce!"

"Ba ita ba ce, Ruba," Mus'ab ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta juya ta dube shi. "Ka kira Abdallah mana. Yalla, kira shi! Ko yau ma wayar a kashe take?"

Matan da ke layi suka fara kallonsu. Ta dafa teburin, hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Tun jiya bai motsa ba, Ikilima..."

Na buɗe jakata na ciro nawa. Kuɗin awo bai fi ƙarfin albashina ba. Na'urar ta yi ƙara, takarda ta fito.

"Ɗaki na biyu, hannun dama. Ki yi sauri."

Ta tafi tana riƙe da bango. Shi ya tsaya.

"Zan biya ki, wallahi zan..."

"Ba bashi ba ne."

"Ikilima... da na san..."

"Ka sani, Mus'ab. Kana zaune a bakin ƙofa."

Na ga har yanzu yana taɓa aljihun rigarsa in magana ta ƙare masa.

"Matarka na jiranka," na ce.

Ya bi bayanta.

Na mayar da katin cikin jaka. Ƙarshen wata zan biya shi duka, kamar kullum. Sunana yana nan fari, babu abin da ya taɓa shi, babu kuma wanda zan nuna wa.

"Na gaba," na ce.