Wasiƙa a Wuyan Mai Safa

Auta tana da kyanwa baƙa mai fararen ƙafafu. Saboda ƙafafun nan ta sa mata suna Mai Safa. Ita ta tsince ta a bayan makaranta tun tana 'yar mitsitsiya. Ita ta riƙa ɗiga mata madara da ƙaramin cokali har ta yi ƙwari. Don haka idan wani ya ce "kyanwar gidan nan", sai Auta ta gyara masa. Kyanwarta ce, ita kaɗai.

An daɗe ana jayayya a gidan a kan Mai Safa. Baba ya ce kyanwa dabba ce mai son yawo, kulle ta zalunci ne. Mama ta ce a waje akwai mota, akwai kare, akwai ƙazanta, gara a bar ta a ciki. Yaya, wan Auta, ya ce shi dai kada ta ƙara kwanciya a kan rigarsa ta makaranta.

Auta ta goyi bayan Baba. Kullum da safe takan buɗe tagar kicin kafin ta tafi makaranta. Mai Safa ta yi tsalle ta fice, ba ta dawowa sai la'asar. Inda take zuwa kuwa, Auta ba ta taɓa tambayar kanta ba.

Ana nan sai Mai Safa ta fara yi wa abincin gida wulaƙanci. Auta ta zuba mata shinkafa da madara, ta shinshina, ta ɗaga hanci, ta wuce. Amma ba ta rame ba. Kullum ƙiba take yi, gashinta yana sheƙi, bakinta yana ƙarnin kifi.

Yaya ya dube ta, ya yi dariya.

"Auta, kyanwar nan ta yi sabon gida. Nan kwana kawai take zuwa yi."

Maganar ta soki Auta har cikin rai. Ita da ta yi wahalar renon, wani can ya zo da ɗan kifinsa zai raba su? Ta cika ta yi fam. Ranar ko aikin gida ba ta yi da kyau ba, sai huci take tana goge rubutu har takarda ta huje.

Washegari ba ta buɗe taga ba. Ta kai Mai Safa ɗakin ajiya, inda ake tara bokiti da tsofaffin kwalaye, ta rufe ƙofa. Ɗakin ba shi da taga ko ɗaya. Mai Safa ta wuni tana kuka tana yakushin ƙofa. Da aka buɗe mata da yamma, ta fito a fusace. Ta yage hannun kujerar falo, ta ture kofin Mama ya fashe, sannan ta je ta yi fitsari a cikin takalmin Baba.

Mama ta ce ita a bar ta a gida ta ce, ba a jefa ta cikin duhu ba. Baba ya riƙe takalminsa da yatsu biyu, ya ce gobe a buɗe taga, ba ya son jin wata magana.

Auta ta ce to. Amma ba ta haƙura ba.

Da safe ta yago takarda daga tsakiyar littafinta. Ta danna biro da ƙarfi, ta rubuta: "Kai ɓarawon kyanwa, ka ji kunya. Wannan kyanwa tana da mai ita. Idan kana so, je ka nemi taka. Ka daina ba ta ƙazamin abincinka."

Ta karanta sau biyu, ta ji daɗin abinta. Ta naɗe takardar, ta ɗaura da zare a wuyan Mai Safa, ta buɗe taga. Ta ce a ranta yau ɓarawo zai san da wa yake yi.

Da la'asar aka yi sallama a ƙofa. Mama ta buɗe, Auta tana bayanta.

Tsohon nan ne mai gyaran takalma. Kowa a layin ya san shi. Yana da 'yar rumfar kwano a ƙarshen layi, daidai inda layin ya haɗu da babban titi. Shi ya ɗinke wa Auta igiyar jakarta sau biyu. Yau ya wanke hannunsa tas, ya riƙe wata takarda a tafinsa da kulawa. Mai Safa tana biye da shi tana goga jiki a ƙafarsa.

Auta ta gane takardar.

Tsohon ya gaishe da Mama, ya miƙa mata takardar yana murmushi. Ya ce baƙuwarsa ce ta zo masa da wasiƙa, shi kuwa bai yi makaranta ba. Ya ji tsoron ko ba ta da lafiya ne, aka rubuta abin da bai kamata ta ci ba. Shi ya sa ya rufe rumfa da wuri, ya zo a karanta masa.

Mama ta buɗe takardar. Ta karanta a ranta. Murmushinta ya ɓace. Ta juyo ta dubi Auta, irin kallon da ke sa yaro ya tuna duk laifin da ya yi a shekara.

"Rubutunki ne. Karanta masa."

"Mama..."

"Da ƙarfi. Kada ki tsallake ko kalma ɗaya."

Auta ta karɓa. Kalmomin da suka yi mata daɗi da safe yanzu sun yi mata ɗaci a baki. Ta karanta har ƙarshe, kanta a sunkuye.

Tsohon ya dubi hannuwansa da ya wanke.

"To," in ji shi. "Ban san ƙazami ba ne, jikata. Daga nawa nake gutsura mata. Amma tun da mai ita ta hana, na daina."

Ya yi wa Mama sallama, ya juya ya tafi a hankali.

Mama ta yi faɗa kamar ba za ta daina ba. Ta ce mutumin da ya isa ya haifi ubanki za ki kira ɓarawo? Ta ce ba don wannan aka kai ta makaranta ta koyi rubutu ba. Ta ce gobe da sassafe ta je ta ba shi haƙuri, tun da babu makaranta.

Auta ta ji kunya ƙwarai. Amma can ƙasan ranta fushin bai mutu ba. Ta shiga ɗaki tana ƙunƙuni. Ai dai kyanwarta ce. Wa ya aike shi? Da ya tsaya a kan takalmansa, da wa zai rubuta masa wasiƙa?

Da gari ya waye ta ƙi tafiya kai tsaye. Ta buɗe wa Mai Safa taga, ta zagaya ta ƙofa, ta bi ta a baya. Tana so ta gani da idonta ko tsohon zai cika alkawari.

Mai Safa ta bi kan katanga. Ta dira bayan shagon tela, ta ratsa ƙarƙashin wata mota da aka ajiye. Ba ta tsaya ba sai a rumfar mai gyaran takalma. Auta ta laɓe bayan turken wuta tana leƙe.

Tsohon yana ɗinkin wani takalmi. Mai Safa ta zauna a gabansa ta yi kuka. Ya kawar da kai. Ta sake kuka, ta dafa gwiwarsa. Ya ci gaba da ɗinki, bai dube ta ba. Auta ta ce a ranta, yawwa, yanzu sai ta koma gida.

Mai Safa ba ta koma gida ba. Ta taka zuwa bakin babban titi, ta tsuguna, ta zuba ido tsallake. A can akwai shagon mai kifi, da ƙaton kwandon shara a gefensa. Motoci suna wucewa fuu, babura suna kutsawa tsakaninsu. Mai Safa ta karkaɗa gindi, ta sauka kan kwalta.

Wata babbar mota mai ɗaukar yashi ta taho a guje.

Auta ta ƙwala kiran sunanta. Ƙarar motoci ta haɗiye muryar.

Sai ta ji ƙwang, ƙwang, ƙwang. Tsohon ne ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin benci, yana bugunsa da guduma. Mai Safa ta tsaya cak. Ta san wannan ƙara. Ta juyo da gudu ta haye gefen titi. Babbar motar ta wuce ta kan wurin da take tsaye, iskarta ta tayar da ƙura har cikin rumfa.

Auta ta ruga ta sungumi kyanwar, ta ƙanƙame ta, ta fashe da kuka.

Tsohon ya ajiye guduma. Yau babu murmushi a fuskarsa.

"Ke da kika ce kyanwarki ce, kin san inda take wuni?"

Auta ta girgiza kai.

Ya ce wata uku da suka wuce, kullum Mai Safa sai ta tsallaka titin nan don kawunan kifi. Yana zaune yana kallo, ransa yana tashi. Kyanwa biyu ya gani mota ta take a wurin, shi ya kwashe su da kwali. Rannan taya ta shafi jelar Mai Safa, saura ƙiris. Tun daga ranar yake raba abincinsa biyu, ya zuba mata a gwangwanin nan. Idan ta ƙoshi a wannan gefe, ba ta tsallakawa.

"Ni ba kyanwa nake nema ba," in ji shi. "Ban so ne in kwashe gawa ta uku."

Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Fushin da ta kwana da shi ya juyo kanta. Ita ce ke buɗe taga ta yi tafiyarta. Shi ne ke gadi, ita kuma ta saka masa da zagi. Ta durƙusa a gaban bencin, kyanwar tana ƙirjinta.

"Kaka, ka yafe mini. Na zage ka ban san komai ba."

Tsohon ya dube ta ya daɗe. Sannan ya sauke numfashi.

"Na yafe. Tashi, kada ki ɓata gwiwarki da man takalmi. Amma ki ruga gida ki kawo mata wani abu. Yau na yi mata ƙarya, gwangwanin babu komai."

Auta ta ruga da Mai Safa a hannu. Ta dawo da madara da burodi, na kyanwa daban, na Kaka daban.

A gida ta faɗi duk abin da ya faru, ba ta ɓoye komai ba. Baba ya shafa haɓa. Mama ta ce ita ba za ta ce "ai na faɗa" ba, sannan ta faɗa har sau biyu. Baba ya ce ta yi gaskiya a kan titi, amma ɗakin ajiya ma ba wurin zaman mai rai ba ne.

Ranar Baba da Yaya suka kewaye barandar baya da ragar waya. Wurin yana samun rana da iska. Suka kafa katako don hawa, suka sa akwatin yashi a lungu. Mama ta kawo tsohuwar darduma don yakushi, kujerunta su huta. Auta ta ɗauki alkawarin sauya yashin da kanta.

Kwana biyu Mai Safa tana ƙorafi. A na uku aka same ta ta miƙe a kan katako tana kallon tsuntsaye.

Kaka kuma ya ɗinka mata 'yar ɗamara da ragowar fata mai laushi, wadda ke zagaye ƙirji ba ta shaƙe wuya. Ya sa mata doguwar igiya. Yanzu kullum bayan makaranta Auta takan fita da ita yawo. Mutanen layi suna dariya, wai kyanwa ta zama akuya. Auta ba ta damu ba. Sukan ƙare yawon a rumfa, Mai Safa ta yi barci a kan tulin takalma, Kaka yana ɗinki, Auta tana ba shi labarin makaranta.

Auta ta koyi abu biyu. Wanda ya ce dabba tasa ce, dole ya san inda take da abin da zai iya samunta. Kuma kafin ka zargi mutum, ka fara tambayarsa. Wataƙila wanda kake zagi shi ne yake tsare maka abin da kake so.