Kaset ɗin da Aka Naɗe a Ɗankwali

Ranar wata Laraba da hantsi, cikin daminar 1993, Mista Nwachukwu ya dawo daga asibiti inda aka gwada masa jini. Ya zaro makulli daga ƙarƙashin gwangwanin fulawa, ya buɗe ɗakinsa a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan. Talabijin na nan, bidiyo na nan da ƙyallen da ake lulluɓe shi, kasakasai arba'in da biyu na jere a kabad. A saman kabad ɗin kuma ga ɗankwalin marigayiya matarsa Dorathy a ninke tsaf. Ya ɗaga shi, ya ji sakayau, kaset ɗin da ke naɗe a ciki ya yi ɓatan dabo.

Tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutumin da bai taɓa zubar da hawaye a gaban jama'a ba ko ranar jana'izar matarsa. Amma da ya isa caji ofis sai da aka ba shi kujera da ruwa kafin magana ta fito. Kofur ɗin da ke bakin kanta ya ji abin da aka sace, ya danne dariya, ya tura shi wurin Saja Meshak, wanda duk ƙarar da ba ta da maiƙo wurinsa take ƙarewa.

Meshak mutumin Gwantu ne, mai sanyin tafiya da sanyin baki, har abokan aiki kan ce kafin ya gama gaisuwa ɓarawo ya kai Jos. Shi kuwa bai taɓa damuwa ba. Ya ɗauki littafinsa ya bi tsohon zuwa gida.

"Baba, me ke cikin kaset ɗin?"

"Matana ne a ciki," in ji Nwachukwu. "Kirsimeti na 1988 mutanen talabijin sun zo cocinmu, sun ɗauki matan zumunta suna waƙa. Dorathy ne yake ba da waƙa. Sau ɗaya kawai sun nuna, wani maƙwabci ya kwafa mini. Bara na je gidan talabijin ɗin da kaina, sun ce sun ɗauki wani abu a kai tuntuni. Ofisa, duk duniya babu muryan Dorathy sai cikin wannan."

Meshak ya duba makullin ƙofa, ba a taɓa shi da ƙarfe ba. Ya duba taga, lafiya lau. Ya durƙusa ya kalli siminti. Tun asuba ake ruwa, tsakar kwatas duk taɓo, amma a ɗakin babu sawu sai na takalman su biyu. Ya ɗauki ɗankwalin, shuɗi mai tambarin zumunta, ya jujjuya shi, ya kai shi hanci, ya yi rubutu.

"Haka kake ninke shi?"

"Ni? Ni dai ina naɗe shi kamar burodi."

"Wa ya san inda makulli yake?"

"Ɗana Franklin. Da Stanley mai gidan kallo, shi yake goge mini bidiyo. Sai Maman Joanna, Lai'atu, ƙawar Dorathy daga Kagoma. Amma wannan ka cire shi, ko kaza ba ya iya sata."

"Yaushe kake kallon kaset ɗin?"

"Kowane Lahadi bayan coci. In Dorathy ya gama waƙa, yana juyowa ya yi dariya. Nan nake kashewa, in naɗe in ajiye."

"Bayan dariyar me ke biyowa?"

"Ban sani ba. Ban taɓa wuce wurin ba."

Franklin makanike ne a bakin tasha, aka same shi ƙarƙashin wata Fijo. Ya fito yana goge hannu, fuska a ɗaure.

"An ce ka taɓa cewa za ka jefa kaset ɗin a rijiya."

"Na faɗa, Oga, kuma da bakina. Shekara biyu Papa na zaune gaban abu ɗaya kowace Lahadi. Na ce masa ga talabijin kullum da sabon abu, ga Stanley ya kafa dish mai kamo tashoshin waje, fim har ka gaji. Ya ce wai duk wannan aro ne, yau a nuna maka gobe ka nema ka rasa, abin da ke kabad ɗinka shi ne naka. To tsoro nake ji kar kabad ɗin ya cinye mini uba."

"Ka ɗauka?"

"Uwata ce fa a ciki." Ya kau da kai. "Nakan tsaya bakin taga in saurara, shi bai ma sani ba."

Meshak ya kalli takalmansa, baƙin mai da taɓo har idon sawu, ya kalli hannuwansa. Waɗannan da sun taɓa shuɗin ɗankwali da ko makaho ya ga shaida. Maigidan garejin kuma ya rantse tun bakwai Franklin bai ɗaga daga wurin ba.

Gidan kallon Stanley rumfar kwano ce da bencina, a ƙofa an rubuta finafinan yini da alli. Stanley irin mutanen nan ne da tambaya ɗaya ke jawo amsa goma.

"An ce ka taya kasakasan tsohon."

"Na taya, Oga! Tsofaffin finafinan da yake da su yanzu ko a kasuwar Onica ba ka samu. Mutane na zuwa suna ce mini, Stanley, wancan da muka gani muna samari fa? Dish ba ya dawo maka da jiya. Amma wancan na ɗankwali, me zan yi da shi? Wa zai zauna kan benci ya kalli matan coci? Kuma bidiyo biyu gare ni. Da ina so, minti talatin na kwafa na mayar, ko kurwa ba za ta sani ba."

Wannan magana ce mai ma'ana, Meshak ya rubuta ta.

"Yau akwai wanda ya zo maka da wata tambaya kan kaset?"

Stanley ya kwashe da dariya. "Kai, wata mama! Da buhun citta a ka. Wai ɗana, baƙin zaren nan na ciki, in an ɗaga wa rana ana ganin mutane? Na ce Mama, wannan ba majigi ba ne. Sai ta ce to in ya fito waje yana komawa? Kafin in ba ta amsa ta wuce, kamar wadda aka kora."

Meshak bai yi dariya ba. Ya rufe littafinsa, ya ce wa Stanley ya zo gidan tsohon da ƙaramar sukundireba gobe da rana.

Washegari ya hau babur zuwa Kagoma, ta tsakiyar gonakin doya da dawa. Gidan Lai'atu na ƙarshen unguwa, babu waya ko ɗaya ta lantarki da ta ratsa samansa. Ya same ta zaune a ƙofar ɗaki, tsohuwa siririya, ga citta a tire gabanta amma hannunta ba ya komai. Ya gaishe ta a tsanake, ya tambayi gona, ya tambayi ruwa. Ita ce ta gaji da gaisuwar.

"Ɗana, na san abin da ya kawo ka. Shiga ka gani. Na kashe shi."

Kaset ɗin na cikin wata sabuwar tukunya a rufe. Zarensa ya fito kamu uku ko huɗu, an naɗe shi a tsinke da kyau, wani wurin ya tattare. Meshak ya zauna kan turmi.

"Mama, me kike nema a ciki?"

"Yarinyana, Joanna." Ta goge ido da gefen zani. "Ran da mutanen talabijin suka zo, ina wurin. Da mata suka gama, sai 'yammata suka shigo, Joanna ne a gaba da tulu yana bugawa. Bayan wata takwas zazzaɓi ya ɗauke shi. Hoto ɗaya nake da shi, gara ta ci. Duk Lahadin da na kai wa Baban Franklin doya, ina zama muna kallo, ina jira. In Dorathy ya yi dariya, sai ya kashe."

"Me ya hana ki ce ya bari?"

"Mutum yana kukan matansa, in ce matsa in ga nawa? Da wane baki?"

"Shi ne kika ɗauka. Ga shi ba ki da bidiyo, ba ki da wuta."

"Muna yara, in masu majigi sun zo, suna yar da guntun fim. In ka ɗaga wa rana sai ka ga mutane ƙanana a ciki. Na ce zan ɗaga in gan shi sau ɗaya, in mayar kafin Baban Franklin ya dawo. Na je bayan kasuwa na ja, na ja, baƙi kawai. Kuma ya ƙi komawa." Ta miƙo masa hannuwa biyu. "Ɗaure ni. Na kashe Dorathy karo na biyu, na kashe nawa."

Tausayi ya kama Meshak har ya rasa inda zai sa idonsa. Shekara ashirin da shida yana aikin nan, bai taɓa jin kunyar ankwar da ke ƙugunsa ba sai ranar.

"Mama, sa takalminki. Ki riƙe tukunyar da kyau."

Da rana suka hallara a ɗakin Nwachukwu. Lai'atu ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta shiga ta durƙusa a ƙasa. Stanley ya baje kayan aiki kan tebur, yana warware zaren daga tsinke yana lallashe shi da bayan farce. Franklin na tsaye jikin ƙofa. Nwachukwu ya kasa kallon matar.

"Ofisa, yaya ka sani?"

"Ɓarawo ba ya barin bidiyo ya ɗauki kaset ɗaya, Baba. Kuma ba a ɓalle ƙofa ba, don haka cikin mutum ukun nan ne. Ana ruwa amma ɗaki babu taɓo, wato wanda ya shigo ya tuɓe takalmi, kamar mai shiga gidan da yake girmamawa. An ninke ɗankwali gida huɗu da tambarin a sama, yadda matan zumunta ke ninke nasu, kuma yana ƙanshin citta. Abin da ya rage mini shi ne dalili. Kai ka ba ni rabi da ka ce ba ka taɓa wuce dariyar Mama Dorathy ba, Stanley ya ba ni sauran. Wanda ya san bidiyo ba zai ɗaga wa rana kaset ba."

Sannan Meshak ya faɗa masa zancen Joanna.

Stanley ya ɗaure sukurori, ya ce, "Oga, inda ya tattare ba zai dawo ba. Sauran sai mun gani."

Aka tariyo baya, aka kunna. Ga cocin, ga matan cikin shuɗi, ga Dorathy a tsakiya da hannu a sama, muryarta ta cika ɗakin kamar yanzu ta shigo daga kicin. Franklin ya sunkuyar da kai. Waƙar ta zo ƙarshe, Dorathy ta fara juyowa, sai hoton ya karkace, layuka suka haye fuskarta, sautin ya koma shuuu. Dariyar da Nwachukwu ke jira kowace Lahadi ta tafi, kuma kowa a ɗakin ya san ba za ta dawo ba.

Lai'atu ta kifa goshi a siminti. Hannun tsohon ya tafi kan madannin kashewa, ya tsaya a can, bai danna ba.

Layukan suka yi ta gudu, sannan suka washe. 'Yammata sun shigo a jere, a gaba wata doguwa mai wushirya rungume da tulu, tana bugawa tana rausaya, ta ɗago ta kalli mai ɗaukar hoto kai tsaye.

"Joanna!" Lai'atu ta rarrafa har gaban talabijin, ta ɗora tafin hannu kan gilashin. "Ga ni, Joanna. Ga Mama."

Minti uku ne duka. Da aka koma labarai, Nwachukwu ya kashe. Meshak ya buɗe littafinsa don dole, ya yi gyaran murya.

"Baba, maganar ƙara fa?"

"Wane ƙara? Rubuta an samu kaya." Ya juya ga matar da ke ƙasa, hawaye na bin gemunsa. "Shekara biyu kina zaune a nan, ni ina kashe miki yaro a fuska. Maman Joanna, tashi daga ƙasa. Franklin, ba shi kujeran mamanka."

Franklin ya janyo kujerar da babu wanda ya zauna kanta tun rasuwar Dorathy. Lai'atu ta zauna a bakin-baki. Tsohon ya kama yatsanta mai ƙanshin citta, ya ɗora shi kan wani madanni na bidiyon.

"Wannan ne na komawa baya. Danna da kanki, mu sake ganinsa."