Sunan Inna a Jikin Lista

Sau uku Wasila ta bi listar da aka manna a bangon biro, ofishin raba gidaje, da yatsa, daga sama har ƙasa. Gidaje ɗari biyu gwamnati take gina wa masu ƙaramin ƙarfi a bayan garin Damagaram, amma babu sunansu.

"Malama, kin kusa huda takardar nan da ido."

Ta juya a fusace. Wani dogon saurayi ne, wandonsa duk siminti, yana murmushi kamar ya santa.

"Idona ne ko naka?"

"Naki ne, shi ya sa nake tausaya masa. Sunana Safiyanu, magini ne ni a shantiye, wurin ginin gidajen. Wa kuka rubuta a matsayin maigida?"

"Kawu Nomau, yayan babana. Tun da Baba ya rasu komai da sunansa ake yi."

"Yana da gida?"

"Biyu."

"To ai nan aka yi kuskuren. Mai gida biyu ba ya cikin mabukata. Ku sake dosiye, takardun neman gidan, da sunan mahaifiyarki. Kwana goma suka rage a rufe karɓa."

Shekara shida ke nan suna haya a ɗaki ɗaya a unguwar Birni, Wasila da mahaifiyarta Inna Kulu. A ɗakin ta yi karatun bak na gama sakandare, a nan ta gama lisansi, digirin jami'a, kwano a gefen littafi yana tare ruwan rufi. Ta riga ta yi wa kanta alkawari: ba za ta yi aure ba sai Inna ta kwana a gidan kanta.

Ta miƙa masa wayarta. "Sa lambarka. Don dosiye kawai."

"Don dosiye kawai," ya maimaita, yana dariya.

Kawu Nomau kuwa da ya ji, sai ya ture kofin shayi.

"Ina raye a rubuta mace maigida? Me zan ce wa mutanen unguwa?"

"Kawu, ka ce musu rufinmu na yoyo," in ji Wasila, tana durƙushe, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Ta nemo shaidar mai unguwa da takardar rasuwar Baba da kanta. Kullum Safiyanu kan riga ta zuwa biro ya kama mata layi kafin ya wuce aiki. Ran kwana na tara aka karɓi dosiyen. Ba ta kai gida ba saƙonsa ya shigo:

"Hajiya Dosiye, yau na yi wa gida mai lamba 47 yaɓe. Na gyara shi sosai, ko Allah zai sa na Inna ne. In kin gama da gwamnati, ina da tawa buƙatar."

Ta karanta sau huɗu a kan kabu-kabu, har ta wuce lungunsu.

Bayan 'yan watanni da maganar aurenta da Safiyanu ta fito fili, Kawu ya ce atafau bai yarda ba. Ɗan manoman ƙauyen Gidimuni, mai kwaɓa siminti, ga yarinya mai lisansi? Ga Kassim, ɗan mai gidan da suke haya, ya daɗe yana zuwa gaisuwa. Kassim ɗin ne ya tare ta a bakin famfo.

"Kina tsammanin ke yake so? Gidan gwamnati ya hango."

Maganar ta zauna mata a rai. Kwana biyar ba ta ɗauki wayar Safiyanu ba. A na shida ta rubuta:

"Gidan na Inna ne. Ko an ba mu, babu mijin da zai zauna a ciki."

Amsar ta zo da hoto: ɗakuna biyu sun kai linta a wani fili, shi a tsaye a gefe da cebur.

"Na sani, Hajiyata. Tun ranar da kika harare ni nake buga tubali duk Lahadi. Tagar gabas taki ce, don karatu."

Wasila ta rufe fuska da mayafi tana dariya, hawaye na zuba.

Sabuwar lista ta fito ranar Talata. Wannan karon sau ɗaya ta duba. Kulu Rabi'u, gida mai lamba 52. Ta kira Safiyanu.

"An ba mu! Amma ba 47 ba ne."

"Kada ki damu, 52 ma ni na yi."

Sati biyu da tarewarsu aka ji sallama. Kawu Nomau ne. Ya tsaya yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya duba kusurwa, ya duba rufi.

"Wa ya yi ginin nan?"

"Ɗan Gidimuni," in ji Wasila.

Kawu ya gyara murya, ya dubi ƙofa.

"Maigida na ciki? A ce mata na zo maganar ranar ɗaurin aure."

Inna Kulu ta fito da makulli ɗaure a bakin zanenta, ta shimfiɗa masa tabarma.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura, Kawu ne waliyyi. Daga ƙofar gida mai lamba 52 aka fito da amarya. Inna ta dafa kan Wasila ta ce, "Kin rufa mini asiri, Allah ya rufa naki. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi.