Ciwon da Aka Ɓoye wa Ticha

Auta tana bayan labule riƙe da tiren kofuna ta ji baffan saurayinta Ticha, wanda ya zo nema masa aurenta, ya yi gyaran murya a falo.

"To, tambaya ɗaya ta rage. Yarinyar nan lafiyarta ƙalau? Babu wata lalura?"

"Garau take!" in ji Kawu, har da dariya. "Ko ciwon kai ba ta sani ba."

Ta kasa kunne ta ji me Abba zai ce. Abba, wanda duk layin 'yan yadi na kasuwa aka san in ya ce fari to fari ne. Ba ta ji komai ba sai ƙugin fanka.

Tun tana firamare take da farfaɗiya. Magani ya kwantar da ciwon, takan daɗe ba ta faɗi ba, amma ƙwayoyin suna nan cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, safe da yamma.

Baƙi na fita ta sami Umma a kicin.

"Umma, Kawu fa ƙarya ya..."

"Ke! Rufe min baki! Kawun naki ne maƙaryaci? Rufin asiri ake ce wa wannan. Gidan mutunci ba ya tallar ciwonsa."

"Amma ke kika ce min mai mutunci ba ya ha'inci."

"Wancan daban, wannan daban!"

"Ina bambancin, Umma?"

Umma ta koma juya miyar da ba ta buƙatar juyi.

Yayarta kuwa cewa ta yi, "Ke kin cika tenshan. Ki bari a ɗaura. In ya gani daga baya, sai a ce sabon abu ne, shi ke nan!"

Kan Auta ya ƙulle. In ta faɗa, ta tozarta Kawu da Abba. In ta yi shiru, ta cuci mutumin da ya yarda da ita. Kowane ɓangare kuma mutunci yake kira. A shagonta na ɗinki ta haɗa hannun riga a baibai, ta farke, ta sake haɗa shi a baibai.

Haka Ticha ya shigo ya same ta bayan tashin makaranta, da farin alli a gefen wandonsa.

"Amarya, wa ya taɓa min ke?"

Ba ta shirya ba, maganar ce kawai ta kufce. Ta faɗa masa komai, idonta a kan allurar keke.

Ya dubi tarin ƙyallayen da ke ƙasa. "Me ya sa sai yanzu?"

"Tsoro nake ji. Sori, don Allah."

"Ni dai ina son ki, wannan bai canja ba. Amma dole in gaya wa Hajiyata."

"Hajiya kuma? Na ɗauka tsakaninmu ne!"

"Ke ba ki ɓoye min ba. Ta yaya ni zan ɓoye mata?"

Gaskiyar da ta saki ta yi ƙafa, tana tafiya inda ba ta aike ta ba.

Ba a jima ba saƙo ya zo daga Hajiya, wai a dakata da maganar aure. Gida ya kama da wuta. Kawu ya yi rantsuwa ba zai ƙara tako ƙofar ba.

"Da furfurata 'yar cikina ta mai da ni maƙaryaci!"

Umma ta yi ta kuka. Ticha ya rage kira, in ya kira ma sai gaisuwa. Auta ta rame, kullum tambaya ɗaya take juyawa: in daidai ta yi, me ya sa kowa yake kuka? In kuskure ne, me ya sa ƙirjinta ya yi sakayau?

Wata safiya ta durƙusa a gaban Abba yana ɗaura agogo.

"Abba, kowa ya yi magana ban da kai. Laifi na yi?"

Ya dube ta, idanunsa sun yi ja. "Aikina kika yi, Auta. Ni aka tambaya."

Ya ɗauki hularsa ya fita, bai nufi kasuwa ba.

Da azahar wayarta ta yi ƙara. Ticha ne.

"Abbanki yana gidanmu! An ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Ya ce, 'An tambaye ni na yi shiru, shirun nan ƙarya ne. Ban zo roƙon aure ba, na zo gyara maganata.' Wallahi baffana har ƙwalla ya yi!"

"Hajiya fa?"

"Ta ce ki shirya, tare za ku je wajen likitanki."

Suka je. Hajiya ta tsare likita da tambayoyi, haihuwa, girki kusa da wuta, har abin da ake yi wa mutum in ya faɗi. Auta tana gefe, ta kasa karanta fuskar matar.

A bakin ƙofar asibiti Hajiya ta tsaya ta gyara mata mayafi.

"Ba zan ce miki tsoro ya bar ni ba, 'yata. Amma ciwon da na sani zan iya zama da shi. Surukar da za ta dube ni ta yi min ƙarya ce ba zan iya ba."

Auta ta fashe da kuka a kafaɗarta, mutane na wucewa suna kallo.

An ɗaga bikin zuwa bayan damina, kuma sai da Abba ya yi ta zarya kafin Kawu ya sauko. Amma an ɗaura, ta shiga gidan da kowa ya san lalurarta, ba mai yi mata gori. Da ma mutuncin da aka jingina da ƙarya kullum cikin fargaba yake kwana. Na gaskiya yakan sa mutum kuka da fari, daga baya ya bar shi ya ɗaga kai a gaban kowa.