Layin da Ya Tsaya a Bayan Mai Taya

Wanda bai taɓa ganin mutum yana ruɓewa da ransa ba, ya matso ya ji abin da ya sami Mai Taya.

Tsofaffin tayoyi yake sayarwa a bakin tashar mota, kuma asirinsa a rufe yake. Yana da mata da 'ya'ya, da mahaifiya mai sa masa albarka, da ƙane makanike wanda ba ya ɗaga ido ya kalle shi saboda girmamawa. Abin da ya hana shi sakat shi ne wani abokin wasansa da ya zama kansila, kafin ka ce me ya ɗora bene. Da lokacin zaɓen fid da gwani ya zo, Mai Taya ya fito takarar shugaban ƙaramar hukuma. Ya manna fosta a kowace katanga. Awaki suka cinye na ƙasa, yara suka yi wa na sama gemu da gawayi. Kowa ya san wani tsohon hedimasta jama'a ke so.

Direban motar kamfen ne ya raɗa masa labarin wani boka, ya kai shi da tsakar rana.

Ɗakin langalanga ne a bayan wata tsohuwar mayanka. Tun daga nesa wari ya tare su. Ƙasan ɗakin danƙo yake yi a tafin ƙafa, ƙudaje sun yi baƙi ƙirin a kan wata tukunya da tsutsa ke motsi a bakinta. A bango an kafe fostocin 'yan takara da ƙusa, an shafe su da busasshen jini. Mai Taya ya gane fuskokin manya da yawa, kuma maimakon tsoro sai ya ji ƙarfin gwiwa.

Bokan yana zaune yana sakace haƙori da dogon farce. Ya ce ya san abin da ke tafe da shi, kujera da dukiya, kuma duka biyun masu sauƙi ne.

"Ranar zaɓe layi za a yi a bayanka, ko?"

"Haka jam'iyya ta tsara."

"To, na gaba-gaban layin na masu ɗakin nan ne."

"Mutum nawa?"

"Su za su ɗiba. Ba su kai ku haɗama ba."

"Ko su wane ne?"

"Ko su wane ne. Kai dai kada ka waiwaya, kada ka bar wurin, sai an gama ƙirga."

Ba tausayi ya kama Mai Taya ba, dabara yake ƙullawa. Akwai 'yan jagaliyar da ke bin motarsa suna shaye-shaye. Su zai jera a gaba. 'Ya'yan wasu ne, wa zai tambaya? Ya ce ya amince.

Bokan ya tsoma hannu a tukunyar ya ciro wata tsoka mai yauƙi, ya ce ya haɗiye ba tauna. Ta taso masa, bokan ya toshe masa baki har ta koma. Sannan ya sa ya tuɓe riga, ya shafe masa gadon baya da kitse mai ɗoyi.

Ranar zaɓe aka taru a filin makaranta. Mai Taya ya tsaya ya ɗaga hotonsa sama. Amma 'yan jagaliyarsa sun sha sun yi tatul, suka kaure da faɗa a bakin ƙofa, 'yan sanda suka kwashe su. Yana tsaye yana jiran su, sai ya ji mutane na tururuwa a bayansa kamar ana kiran su, har da magoya bayan hedimasta.

Sai ya ji tari, dab da ƙeyarsa. Tarin da ya sani tun yana goye.

Wani hannu ya gyara masa wuyan riga. Muryar babbar 'yarsa, wadda ke karatun jinya, ta ce, "Baba, Inna ta rantse ba wanda zai riga ta. Ni ce ta biyu." Ƙanensa ya yi dariya ya ce yau gareji a rufe yake, Yaya ya fi ƙarfin kowane aiki.

Matsawa gefe kawai zai yi, komai ya warware. Ya dubi layin hedimasta ya ga mutanen sun zama tsiraru. Ya hango jami'in jam'iyya yana tahowa yana ƙirga. Sai ya ƙara ɗaga hoton sama.

Ya ci zaɓen fid da gwani, ya ci babban zaɓe. Kwangila ta riƙa zuwa masa har gida. Ya rushe gidansa ya gina wanda ya fi na kansila, motoci suka cika farfajiya.

Inna ce ta fara. Wani ƙurji ya fito mata a baya, ya fashe, ya ƙi jin magani, har ta cika tana sa masa albarka. Mai Taya ya kafa rumfuna, ya kira masu ɗaukar hoto, ya mai da zaman makoki taron siyasa. Ba a jima ba 'yar ta kwanta da irin ciwon. Ita da ta san aikin asibiti, ta riƙa duba kanta a madubi tana kuka, tana tambayar mahaifinta wane irin ciwo ne wannan. Ya ce mata a bar wa Allah. Bayan an binne ta, ƙanen ya fito daga ƙarƙashin wata mota wata rana, ya tuɓe kaya, ya nufi juji yana tsintar abin da karnuka suka bari.

Mai Taya ya koma bayan mayanka a guje, ya ce an zalunce shi. Bokan ya tofar da yawu.

"Ka ji tarin, ai. Ni ma daga nan na ji shi."

"To ya isa haka."

"Layin fa dogo ne. Kuma da ka dube shi da kyau, da ka ga wanda ke gaban kowa."

Mutuwa ta shiga maƙwabta da abokan kasuwa, duk waɗanda suka yi sammakon tsaya masa. Direban ya tsorata, ya kwashe komai ya faɗa wa matar gidan. Ta same shi a falo. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta tambaya: ya san su ne a bayansa? Ya sunkuyar da kai. Ta dube shi kamar yadda ake duban mushe, ta kwashe sauran 'ya'yanta ta fita, ko cokali ba ta ɗauka ba.

Daga nan bayansa ya soma ruɓewa. Turare bai rufe warin ba. Ma'aikata suka riƙa toshe hanci, kansiloli suka taru suka tsige shi, hukuma ta ƙwace gidan da motocin. Likitoci suka ce ba su san abin da za su yanke su bari ba. Ya ƙare a wani kango, a kife, ba ya iya kwanciya rigingine, yana kiran Inna. Waɗanda suka je ɗaukar gawarsa sai da suka ɗaure fuska da ƙyalle.

Kai mai neman kujera, ka ji. Boka bai kashe kowa a filin nan ba, mutumin da ya ji tarin uwarsa ya ƙi motsi ne ya kashe su. In kwaɗayi ya kai ka inda za ka sayi mulki da ran wani, kada ka yaudari kanka cewa na wasu za a ɗauka. Naka ne suka fi kusa da kai.