Fayil Ya Ce Tana Aiki

"Ke yarinya, ba kya tsoron Allah? Wata biyu ke nan da aka tura ki aiki, kuma ki dawo ki tsaya mini a layi kina neman na biyu, alhali ga mutane ko na farko ba su samu ba!"

Malamin rajista ne ya faɗi haka, dattijo mai tabarau da ke tebur na uku a ofishin samar da aiki na gwamnati, inda masu neman aiki ke rubuta sunayensu, masu kamfanoni kuma su aiko a turo musu ma'aikata. Yarinyar da ke gabansa, wadda kowa ke kira 'Yar Shiru saboda ƙarancin maganarta, ta dafa teburin.

"Baba, wallahi ba a taɓa kira na ba... ko sau ɗaya."

Ya juyo mata da fayil ɗin. Ga hotonta, ga takardar shaidar ɗinkin da ta koya wata shida a ɗakin horo na wannan ofishin, inda ta fi kowa maki. A ƙasa kuma ga jan hatimi: an tura ta kamfanin ɗinka kayan asibiti, ta kama aiki. Ya tambaye ta katinta na rajista, ta ce ya ɓata. Ya girgiza kai, ya kira na bayanta. Ta fito duk idon masu jira a benci a kanta, wata ma har da cewa, "Ka ji haɗama! Ga ta a fuska kamar ta Allah."

'Yar Shiru marainiya ce. Tun tana shekara tara uwa da uba suka rasu, ƙanwar mahaifinta ta ɗauke ta, ta haɗa ta da tata 'yar da ake kira 'Yar Lele. A gidan Gwaggo ita ce wanki, ita ce shara, ita ce girki, kuma ba ta taɓa ɗaukar hakan zalunci ba, don a ganinta wanda ya ba ka wurin kwana ya gama maka komai. Ranar da ta cike fom ɗin rajista, da ta zo layin lambar waya, ta rubuta ta Gwaggo, domin ita ba ta da waya. Katin ma Gwaggo ce ta karɓa ta ce za ta adana mata, daga baya ta ce an neme shi an rasa.

Da ta dawo gida tana kuka ta faɗi abin da ya faru, Gwaggo ko ɗago kai ba ta yi ba daga yankan farcen da take yi.

"To ni me zan yi miki? Wa ya sani ko kin karɓi aikin kin sayar? Ki dubi 'yar'uwarki, ba ta je wani ofishi ba, abokin babanta ya samo mata, kullum da safe tana fita kamar mutum. Ke kuwa sai zubar da hawaye kamar famfon da ya lalace. Tashi ki wanke mata kayan gobe."

Ta tashi ta wanke. Kafin mako ya zagayo, labari ya gama dangi cewa marainiya ta sayar da gurbin aikinta. Kawunta da ya yi alkawarin saya mata keken ɗinki ya aiko cewa ya fasa. Wayyo! Ba ta da wanda za ta kai wa ƙara sai Allah. Kullum bayan ta idar da salla takan ce, "Ya Allah, Kai ka san ban karɓa ba... ban roƙe Ka Ka tozarta kowa ba, Ka dai wanke ni."

Abu ɗaya ta ƙi bari. Duk Litinin sai ta je ofishin, ta zauna a ƙarshen benci kusa da allon da ake manna guraben aiki, ba ta shiga layi, ba ta yi wa kowa magana, har a tashi. Malamin rajista yana hango ta ta saman tabarau, abin yana cin sa. Shekara ashirin yana wannan aiki, ya san takarda ba ta ƙarya. To amma wanda ke da aiki, me zai zaunar da shi a benci ranar Litinin tun safe? Ya sha ɗaukar waya zai kira kamfanin, sai ya tuna layin da ke gabansa, ya ajiye.

A Litinin ta biyar wata mata mai jiki ta shigo da buhu a hannu, ta wuce layi, ta zazzage shi a kan tebur na uku. Rigunan ma'aikatan jinya ne, wasu hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wasu an ɗinke bakin aljihunsu ruf.

"Malam, wannan ce gwanar da kuka turo mini? Na ce ku ba ni wadda ta fi kowa, kun ba ni wadda ko zare ba ta iya zurawa ba! Wata uku ina haƙuri ina cewa baƙunta ce. Dubi wannan, sai dai a nemo ma'aikacin jinya mai hannu ɗaya da rabi! Ku soke takardarta, kada ta je ta cuci wani."

Hajiya mai kamfanin ce. Ta faɗi lambar katin, malamin ya jawo fayil, ya duba, sannan ya nuna ƙarshen benci.

"Hajiya, ai ga ma'aikaciyar taki can."

Hajiya ta waiwaya. "Wace? Wannan? Ban taɓa ganin ta ba a rayuwata. Tawa doguwa ce, mai cingam da danna waya."

Malamin ya cire tabarau, ya kira 'Yar Shiru da murya ƙasa-ƙasa. Ya bayyana mata cewa saƙon tura mutum aiki ta waya ake aika shi, kuma a ƙofar kamfani kati kawai ake dubawa, katin kuwa ba hoto.

"'Yata, wannan lambar da kika rubuta, ta waye?"

A nan ta gane komai. Fitar 'Yar Lele kullum da safe... kayan da ita da kanta take wanke mata, da guntayen farin zare manne a jiki! Idan ta faɗa, ta tona asirin matar da ta ciyar da ita shekara goma sha ɗaya. Idan ta yi shiru, za a soke takardarta, sunanta ya tabbata na maƙaryaciya. Hawaye suka gangaro mata.

"Ta Gwaggona ce, Baba... Don Allah kada a wulaƙanta ta. Ita ta raine ni."

Aka kai ta ɗakin horo, aka ba ta ɗaya daga cikin rigunan da suka lalace. Ta farke hannun, ta daidaita, ta mayar, ta buɗe aljihun, duk cikin 'yan mintuna. Hajiya ta juya rigar ciki da waje, ta ce, "Allah Sarki! Ashe wannan aka sace mini."

Washegari aka kira Gwaggo da 'yarta gaban shugaban ofishin, kawun ma ya zo. Da farko Gwaggo ta hau rantsuwa, har aka ciro katin daga jakar 'Yar Lele, wadda ta fashe da kuka tana cewa, "Mama ce ta ce ba wanda zai gane!" Aka kori 'Yar Lele daga kamfanin, aka hana ta rajista shekara biyu. Shugaban ya ce da hukuma za a haɗa su, ba don roƙon marainiyar ba. Gwaggo ta fita ta cikin masu jira tana jan mayafi a fuska, kawun kuwa ya ce marainiyar ba za ta sake kwana a gidan Gwaggo ba, gidansa za ta koma.

Malamin rajista ya biyo ta har bakin ƙofa. "'Yata, ni ma ina cikin waɗanda suka zalunce ki. Kira ɗaya ya isa, ban yi ba. Ki yafe mini."

"Na yafe, Baba. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Ranar da ta fara aiki a kamfanin Hajiya, aka zaunar da ita a keke na lantarki kusa da taga, aka ajiye mata farin yadi. Ta ɗora ƙafa, ta yi bismilla, sai hawaye ya ɗiga a kan yadin. Hajiya da ke wucewa ta dafa kafaɗarta.

"A'a, 'yar nan! Waccan ta ɓata mini da almakashi, ke kuma za ki jiƙa mini da kuka? Share, ki taka mu ji."

'Yar Shiru ta yi dariya, ta share ido, ta taka.